Karatu don cin jarrabawa, ko don sanin ƙasa?

Kai mai karatu, zo mu duba wata magana tare.

Kowace shekara, in jarrabawar bak ta gabato, malaman lise suna tara yaran ajin ƙarshe su yi musu bita. Cikin darussan akwai labarin ƙasa, wato sanin koguna, ruwan sama, ƙasar noma da mutanen da ke zaune bisanta. Wataƙila ɗanka ko ɗiyarka na cikin ɗakin. Wataƙila rago ka sayar ka aika da guzuri.

Malamin nan kwana kaɗan gare shi, kuma hanya biyu ke gabansa.

Ta farko ita ce hadda. Ya ce: Kogin Isa ya taso daga ƙasar Gine, tsawonsa wajen kilomita 4200. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971. Yaro ya haddace, ya rubuta, ya wuce.

Ta biyu ita ce ya tambaye su dalili. Don me Gaya ke samun ruwa wajen milimita 800 a shekara, Agadas kuwa ko 200 ba ta cika samu ba? Don iskar damina daga teku take tasowa, kudu maso yamma. Tana tafe tana zubar da ruwanta, kafin ta kai arewa saura kaɗan. Wannan hanya tana cin lokaci.

To, wace ce daidai?

Kada ka yi saurin zargin mai hadda. Ɗan talaka na bukatar takardar nan. In ya faɗi, shekara guda ta tafi, ragon ma ya tafi. Malamin da ya raina jarrabawa ya ci amanar uban yaro.

Amma wanda ya tsaya ga hadda kaɗai, shi ma ya ci wata amana. Yaron yau shi ne ma'aikacin gobe. Ga misali. A 1961 aka yi dokar da ta sa iyakar noma a arewacin Nijar, gaba da ita wurin kiwo ne. Dalili kuwa, ruwan can bai isa hatsi kowace shekara, amma yana isar ciyawa. In manomi da makiyayi sun kawo ƙara gaban ma'aikacin da ya haddace shekarar dokar, bai san dalilinta ba, yaya zai raba su da gaskiya? Wani zai cutu, kuma ba a ɗakin lakwal za a ji zafin ba, a garinku ne.

Saboda haka malamin kirki ba ya yar da ko ɗaya. Yana ba da lissafi, yana ba da dalili. Abin da yaro ya gane ma ya fi zama cikin kai ranar da tsoro ya kama shi gaban takarda.

Kai ma kana da naka rabon aikin. Kada ka ce ba ka san labarin ƙasa ba. Wa ya fi ka sanin bambancin jigawa da geza da fadama? Ka san gawo na zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau ƙarƙashinsa. Manoman Maraɗi da suka fara barin kututture ya toho cikin gona tun shekarun 1980, abin da ake kira sassaben zamani, sun mai da itatuwa inda suka ƙare. Yau masu ilimi na zuwa koyo wajensu.

In yaronka ya zo hutu, ka kai shi gona. Ka tambaye shi inda iskar hunturu ke fitowa. Shi kuma ya tambaye ka inda ruwa ke kwanciya bayan an yi sama. Kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Ranar da sakamako ya fito, ka tambaye shi ko ya ci. Haƙƙinka ne. Amma ka ƙara masa da tambaya guda: me ka gane game da ƙasar da ta ciyar da kai?