In Alƙalai Sun Ƙi Aikin Hannunki

Wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ta ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu a nan Abuja ta yi wata biyar tana harhaɗa ƙyallayen atamfa da take karɓowa wurin teloli, ta ɗinka mayafin gado da hannu, ta kai shi wani baje kolin sana'o'in hannu. Alƙalai suka duba, suka ce ɗinkin gefen bai miƙe ba, suka mayar mata. Tun daga ranar ta ajiye allura, ta daina zuwa zumunta, ta kuma daina gaisawa da wadda aka karɓi nata aikin. Asarar kyauta ƙaramin abu ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, muna gab da rasa 'yar'uwa.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana zafin ƙi ba. A Farawa sura 4, an karɓi baikon Habila, ba a karɓi na Kayinu ba. Ubangiji bai yashe shi nan take ba: ya tambaye shi dalilin fushinsa, ya nuna masa cewa ƙofar gyara a buɗe take, ya kuma gargaɗe shi cewa zunubi yana fakonsa. Kayinu bai sake duban baikonsa ba, sai ya sa wa ɗan'uwansa ido. Ƙarshen labarin duk mun san shi. Hukuncin alƙalan baje koli ba hukuncin Allah ba ne, suna iya yin kuskure, amma jarabar da ke biyo baya iri ɗaya ce: mu bar aikin, mu koma kan mutum.

Abu na fari da ya kamace mu shi ne mu tambayi kanmu ko akwai gaskiya a maganarsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Dubi Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke wannan yanki namu. Ta riga ta gwanance a ginin tukwane har Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana tara aikinta a fada. Duk da haka a 1954 ta shiga makarantar tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin, ta zauna ta koyi gini da na'urar juyi kamar sabuwar ɗaliba. A 1958 aka baje tukwanenta a Landan, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, tun 2007 kuma hotonta yana bayan takardar Naira ashirin. Da ta ce ta fi ƙarfin koyo, da ba mu san ta haka ba. Annabi Irmiya ma, a sura 18, ya ga tukunya ta lalace a hannun magini, maginin kuwa bai zubar da yumɓun ba, ya sake gina wata da shi.

Abu na biyu, idon mutum yakan makara. A wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, matan baƙaƙen fata sun yi shekaru masu yawa suna ɗinka barguna da tsofaffin tufafin gona domin 'ya'yansu kada su kwana cikin sanyi. Sai a 2002 manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York suka baje su, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarki na gidan waya. Bargunan sun riga sun yi aikinsu tun kafin yabo ya iso.

Abu na uku shi ne mafi girma: domin wa muke aikin? A Ayyukan Manzanni sura 9 mun karanta labarin Tabita, wato Dokas, ta birnin Yafa. Baje koli ɗaya aka rubuta an yi wa ɗinkinta, ita kuwa tana kwance matacciya: gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Babu alƙali a ɗakin, babu lambar yabo, sai shaidar waɗanda ta suturta.

Saboda haka, 'yar'uwa, ki ɗauki mayafin nan ki warware gefen ki sake ɗinkawa. In kin ga dama ki mayar da shi baje koli na gaba. In ba haka ba, akwai gwauruwa ko maraya da zai rufu da shi cikin hunturu. Ki je ki taya wadda ta ci murna, ko da zuciya tana nauyi. Ku kuma shugabannin zumunta da ke shirya gasa a taronmu, ku riƙa bayyana wa wadda ba ta ci ba dalili cikin ƙauna, ku ziyarce ta kafin kujerarta ta saba zama wofi.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya tsare zukatanmu daga ɗaci. Amin.