Fasali a kan Ƙaryar Fari da Haƙƙin Ma'abota Ƙasa

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, almajiri kake ko ɗan kasuwa, cewa ƙarya a kan sababin fari zalunci ce, domin duk wanda aka ɗora wa laifin ƙarancin ruwa, haƙƙinsa ne ake shirin ƙwacewa.

Ga misali. A shekarar 1935 wani Bature masanin daji, Stebbing, ya rubuta cewa Sahara tana tahowa ta cinye arewacin Nijeriya, ya jingina laifin ga sassabe da kiwo na mutanen ƙasa. A 1936 da 1937 Ingila da Faransa suka aika masana suka bi iyakar nan da ta ratsa arewacin Daura, ba su ga hamadar tana tahowa ba. Amma zancen farko ya fi gyaransa nisan tafiya. Da aka yi farin 1973 da na 1984, sai aka sake nuna Bafillace da manomi.

Daga baya, a 2003, bincike ya nuna cewa canjin zafin ruwan teku shi ne babban sababin wannan fari. Kuma tun 1977 masanan kamfanin mai na Exxon suka sanar da shugabanninsu cewa ƙona mai yana ɗumama duniya, amma kamfanin ya shekara da shekaru yana tallafa wa masu sa mutane shakka. Hayaƙin da Afirka duka take fitarwa kaɗan ne ƙwarai a kan na ƙasashe masu masana'antu.

To, dubi abin da ƙaryar take haifarwa. Dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi makiyaya. Amma idan aka yarda cewa saniya ce ta kori ruwa, wa zai yi magana in an nome burtali ko an tare mashaya? Sai a ce gyara ake yi, alhali haƙƙi aka ci.

Kada ka ce mutum ba shi da hannu ko kaɗan. Wanda ya sare gawo ya cuci gonarsa. Maƙwabtanmu na Magariya da Matamaye sun bar toho ya girma a gonakinsu tun bayan farin 1984, itatuwa suka dawo. Ashe ma'abocin ƙasa ya san maganinta.

Kai da kake kai kaya kasuwar Mai'aduwa, labari ma kaya ne. Ba ka sayen sa sai ka duba haƙoransa. To, don me za ka ɗauki zance daga waya ka sauke wa jama'a ba ka bincika ba? Suratul Hujurati ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu cutar da mutane da shi. Ka tambayi kanka abu biyu: wa ya faɗa, kuma wa zai rasa gona ko makiyaya in an yarda? In ba ka sani ba, shiru ya fi maka.

Allah ne Mafi sani.