Zanen Namun Daji a Bangon Ɗakinki: Ado Ne Ko Asara?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci kowace dabba Ya kuma ɗauki nauyin arzikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yar'uwa Musulma, yau nasiharmu a kan wani ado ne da ya shiga gidajenmu ba tare da mun tambayi hukuncinsa ba. Wato waɗannan manyan zane-zane da ake rataya wa a falo: ga zaki kwance a gindin bishiya, ga garken giwaye a bakin rafi, ga barewa tana kiwo rana na faɗuwa. Wasu an yi su da fentin mai a kan ƙyalle, wasu kuma kwafi ne da inji ya buga. Har ta kai wata uwar ba ta ganin jeren 'yarta ya cika sai da su.

Wannan salon zane a Turai ya yi ƙarfi. Wani Bature ɗan Ingila, David Shepherd, wanda ya mutu a 2017, ya yi suna wajen zanen giwayen Afirka, har ya kafa gidauniyar kare namun daji a 1984. Babu mai musun gwanintar hannu a aikin. Amma ita Musulma, kafin ta ce abu ya yi kyau, sai ta tambaya: shin Ubangijina Ya yarda?

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta taɓa rataya labule mai hotuna a ɗakinta. Da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya ya gani, sai fuskarsa ta canza, ya cire shi. Ita kuwa Uwar Muminai ba ta yi gardama ba, sai ta yanka shi ta yi matashin kai. Sun kuma ruwaito daga Abu Ɗalha (RA) cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto. Malamai sun ce mala'ikun rahama da albarka ake nufi, don masu rubuta ayyuka kam ba sa rabuwa da ke. To, 'yar'uwa, ki auna da kanki. Kullum muna kukan rashin kwanciyar hankali a gida, anya ya dace mu sayi abin da ake tsoron zai hana baƙin alheri shigowa, da kuɗinmu?

Tushen tsananin kuwa sananne ne. Ibn Abbas (RA) ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS) asalinsu siffofin wasu salihan bayi ne da aka yi don tunawa, da zamani ya ja sai aka koma bauta musu.

Sai dai adalci shi ne a gaya miki malamai sun yi saɓani. Imam Nawawi yana ganin haramun ne rataya hoton duk wani abu mai rai, ko mai inuwa ko marar inuwa. Su kuwa malamanmu na Malikiyya sun taƙaita haramcin ga mai inuwa, wato mutum-mutumi mai cikakkun gaɓoɓi. Zanen da ke shafe a kan ƙyalle ko takarda, in an rataya shi makaruhi ne a wajensu, in kuma ana takawa ko zama a kai, barinsa ya fi. Kin ga ke nan, ko a wajen masu sauƙin, ba abin yabo ba ne. Haka kuma bai halatta ki shiga gidan maƙwabciya ki yanke mata hukuncin wuta a kan mas'alar da manya suka saɓa ba.

To mece ce mafita? Wani mai sana'ar zane ya je wa Ibn Abbas (RA) yana cewa da ita yake ci. Ya tsoratar da shi azabar masu suranta abu mai rai, sannan ya nuna masa hanya: ya zana bishiyoyi da duk abin da ba shi da rai. Don haka zanen daji, da duwatsu, da rafi, da furanni, duk halal ne, ki ƙawata ɗakinki da su. Amma kada ki sa su a gaban alƙibla, domin Annabi (SAW) ya sa an kawar da wani labule saboda zanensa yana ɗauke masa hankali a salla.

Ki duba bango, labule, kalanda da kan kabad. Abin da za a iya mayarwa shimfiɗa ko matashi, a mayar. Wanda ba zai yiwu ba, a shafe kan dabbar, kamar yadda Mala'ika Jibrilu (AS) ya yi umarni a hadisin Abu Dawud da Tirmizi. 'Yar tsanar yara kuwa an yi rangwame a kanta, don Nana A'isha ta yi wasa da irinta. In maigida ne ya sayo, don Allah banda tsiwa. Ki nemi lokacin da ransa ke sake, ki karanta masa hadisin, ki bar shi ya cire da hannunsa.

Musulunci bai hana ki son dabbobi ba. Ai ga surori da sunayensu: Baƙara, Nahli, Namli, Ankabut, Fili. Suratul Gashiya ma ta kira mu mu kalli yadda aka halicci raƙumi. In Allah Ya hore, ku kai yara Yankari a Jihar Bauchi su ga giwa tana numfashi, ko Kure a kusa da Yamai su ga raƙumin dawa yana tafiya. Nan za su gane mai fenti launi kawai ya iya, rai kuwa sai Allah.

Allah Ya sa gidajenmu su zama masaukin mala'ikun rahama, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, amin. Wallahu a'alamu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.