Malafa Ta Shigo Gari

Tun da na buɗe ido na san kawuna da malafa. Manomi ne a ƙasar Faskari, mai noman masara da auduga, kuma in ba masallaci zai shiga ba, da wuya ka ga kansa babu ita. Ta kaba ce, an yi mata baki da jar fata, ga igiya da ke ratsowa ta ƙarƙashin haɓa. Yakan sa hula tukuna, sannan ya ɗora ta a kai. Ya sha ba'a a kanta ba kaɗan ba. In ya kai amfanin gona Funtuwa, yaran tasha su kira shi baƙauye. Mu kanmu 'ya'yan 'yan'uwansa da muka shiga boko mun taɓa roƙonsa ya bar ta a gida ranar da zai ziyarce mu a makaranta. Bai bari ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan roƙo.

Bara aka yi bikin wata 'yar'uwarmu a Ƙanƙara. Cikin shagulgulan da aka tsara har da ranar Fulani, kamar yadda ake yayi yanzu a bukukuwan birane. 'Yan mata suka sha farin saƙi da duwatsun wuya, suka ɗauki ƙore. Ango da abokansa kuwa kowa ya ɗora sabuwar malafa, ya gitta sanda a kafaɗa, ana ta ɗaukar hoto da waya. Na waiwaya ina neman kawu, ina zaton zan ga fara'ar wanda zamani ya dawo ya ba shi gaskiya. Sai na hango shi ya juya baya yana fita. A hanyarmu ta komawa gida ya ce da ni, “Ɗana, shekara arba'in ana yi mini dariya a kanta. Yau da masu dariyar suka ɗora ta, sai ta zama ado.”

Tun daga ranar tambaya ɗaya take cina. Shin mutumin da ya riƙe wani abu lokacin da kowa ya raina shi, yana da hujjar yin fushi in abin ya zama na kowa? Me aka ƙwace masa, alhali tasa malafar tana nan a kansa, inuwarta ba ta ragu ba?

Amsar da ta fara zo mini ba ta yi wa kawu daɗi ba. Wani masanin zamantakewa Bajamushe, Georg Simmel, ya yi rubutu a kan yayi a 1904, inda ya nuna cewa buƙatu biyu ne masu karo da juna suke haifar da shi: mutum yana son ya yi kama da jama'a, kuma yana son ya fita daban. Da zarar abin da ya fitar da shi daban ya yaɗu, sai ya ji kamar an yi masa fashi. Wannan ciwo ya sami masoya malafar Turawa da ake kira fedora. Sunanta ya samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo na Faransa na 1882, wanda Victorien Sardou ya rubuta, Sarah Bernhardt ta fito a ciki. Daga baya ta zama hular fita ta maza a Amurka da Turai, har zuwa shekarun 1960 da aka fara yar da ita. 'Yan tsiraru suka ci gaba da sa ta, suna kula da ƙirarta da ingancinta. Da mawaƙa da samari suka dawo da ita bayan shekarar 2000, sai tsirarun nan suka rabu: wasu suka yi murna, wasu suka yi ta ƙorafin an arahantar da abarsu. Sun manta cewa abin da suke kishi ɗin, a zamanin kakanninsu yayi ne na kowa da kowa.

Mu ma a nan haka abin yake. Hular da muke kira Zanna Bukar, muke ɗaukarta tamkar da ita aka haife mu, sunan wani ministan Jamhuriya ta Farko ne daga Borno, Zanna Bukar Dipcharima. Yayi ne da ya daɗe har ya zama al'ada. Dattijon da ya saba da jar dara tun yana saurayi, ya wayi gari bayan 2011 ana karanta siyasar Kwankwasiyya a kansa, ko yana yi ko ba ya yi. Ita kanta malafa ba ta taɓa zama ta mutum ɗaya ba: makiyayi ya sa, manomi ya sa, fatake sun sa, masu sarauta suna ɗora ta bisa rawani ranar hawan salla. Zamani riga ne, in ji Hausawa. Addininmu ma ya yi gargaɗi a kan tufar neman suna, wato wadda ake sawa don a nuna mutum da yatsa. Saboda haka na yanke hukunci a raina cewa in fushin kawu na rasa kaɗaitaka ne, to ashe idon mutane yake so tun farko, inuwa fakewa ce kawai.

Na daure na faɗa masa haka, a cikin ladabi gwargwadon iyawata. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi in zan je Sabuwa, in biya wurin tsohon da yake saya a hannunsa, in ji ta bakinsa.

Na sami tsohon a zaurensa, kaba jiƙe a gefensa. Na ce, “Baba, yaya kake ganin wannan yayi na malafa?” Ya yi dariya ya ce alheri ne Allah Ya kawo. A da, in ji shi, 'ya'yansa sun guje wa sana'ar, sun koma acaɓa. Yanzu dillalai suna aiko da saƙo daga Kano da Kaduna, har jikansa ya zauna yana koyo, badukun da ke yi masa aikin fata shi ma ya samu. Sannan ya miƙo mini malafa biyu, ya ce in ɗaga kowace in dubi ƙofa. Ta farko ko ɗigon haske bai ratsa ta ba. Ta biyu kuwa kamar rariya. Ya ce, “Wannan ta rana ce, wannan ta hoto ce. Mai biki ba ya tambayar bambancinsu.” Damuwarsa ɗaya ce: kada jikan ya tashi bai iya kome ba sai ta hoto.

Na dawo da ƙarfin gwiwa, ina ganin na sami shaida a kan kawu. In yayi ya ciyar da mai saƙa, ya dawo da yaro kan sana'ar kakansa, wane ne zai ce a bar malafa ga 'yan tsiraru don su ji daɗin fita daban? Wanda yake son abu da gaske yana son ya rayu, ko da a hannun waɗanda ba su san darajarsa ba.

Kawu ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaye ni ko na san wanda ya ba shi malafarsa ta farko. Wani Bafulatani ne, amininsa tun suna samari. Kowace kaka yakan kawo shanunsa su ci karan gonar kawu, su bar masa taki. Matarsa ta kawo nono, a ba ta hatsi. Da ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye yankinmu, shi aka fara yi wa ɓarna: ɓarayin daji suka kore shanunsa a dare ɗaya, ya dawo gefen gari da iyalinsa yana ƙwadago. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Tsoro ya shiga kowane gida, kuma tsoro ba ya tantance fuska.

“Yanzu in zai shiga kasuwa,” in ji kawu, “sai ya cire malafar ya bar ta a gida, ya ajiye sandar, ya ari hulata. Ya ce ba ya son a dube shi sau biyu. To, ɗana, ranar bikin nan shi na tuna. A kan yaran gari ado ce. A kan mai ita ta zama abin tuhuma.”

Na rasa abin cewa. Ashe na yi wa kawu fassarar da ta fi dacewa da littattafan da na karanta, ban tsaya na ji ciwonsa ba.

Ba na raina tsoron mutanen gari. Na san gidajen da aka yi wa kisa, na san waɗanda suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba na kuma ganin samarin bikin sun yi niyyar cin fuskar kowa. Da yawansu in aka bi salsala kakarsu Bafulatana ce. Amma rashin mugun nufi ba ya goge abin da ya faru: mun karɓi kayan mutum da hannu biyu a daidai lokacin da muke ja da baya daga shi kansa mutumin. Mun so malafa, da sanda, da ƙwarya, muddin babu makiyayi a ƙarƙashinsu.

A nan na gane cewa fushin mai riƙe da abu iri biyu ne, kuma kamanninsu ɗaya daga nesa. Akwai fushin wanda ya rasa matsayinsa na fita daban. Wannan girman kai ne da ya yi shigar kishin al'ada, maganinsa kuwa haƙuri, domin yayi iska ce: za ta wuce ta bar malafa ga wanda rana take duka. Akwai kuma fushin wanda ya ga an raba abu da mutanen da suka raya shi, an ɗauki ƙawar an bar musu wahalar. Wannan fushi yana da hujja, domin ba don kansa yake yi ba. Hanyar bambance su ita ce a tambayi mai fushin: wa aka cuta? In amsarsa ba ta wuce kansa ba, ya sake tunani. In ya iya nuna wani, to a saurare shi.

Ba na cewa a daina ranar Fulani, ko a hana ɗan birni malafa. Yin haka zai kashe kasuwar tsohon Sabuwa, ya kuma ƙara gina katangar da muke kuka da ita. Al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya da cuɗanya ba za su fara rabon tufafi yau ba. Abin da nake cewa shi ne aro yana da haƙƙi. Wanda ya ɗora malafa don hoto ya ci bashin mai saƙa, sai ya biya shi farashin da zai sa ya ci gaba da yin ta rana. Ya kuma ci bashin mai ita, biyansa kuwa shi ne ranar da aka nuna wani bawan Allah da yatsa a tasha ko a kasuwa saboda shigarsa kawai, kada ya yi shiru. In ba zai iya wannan ba, gaskiyar masu iya magana ta tabbata a kansa, cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Da kaka ta yi, na raka kawu kasuwa. Muka biya ta gidan amininsa. Ya fito yana gyara hular aro, sai kawu ya ce masa, “Koma ka ɗauko taka. Ga tawa a kaina, ga ta yaron nan, in za a duba sai a dube mu duka.” Mutumin ya yi jim, ya dubi kawu, ya dube ni, sannan ya shiga ya fito da ita, ƙura ta lulluɓe fatar. Ya kaɗe ta da gefen hannun riga, ya ɗora. Mun yi tafiyar a tare, ni a tsakiya, sabuwar malafata ta rana tana cizon goshina don ban saba ba. An dube mu a bakin kasuwa, ba zan ɓoye ba. Kawu ya yi sallama da ƙarfi, aka amsa, muka shiga.