Lamiri wakilin wane ne?

A darasin nahawu, «lamiri» shi ne kalmar da ke tsayawa a madadin suna: ni, kai, ita. A wajen aji kuwa, lamiri shi ne muryar nan da ke hana mutum barci idan ya ci amana, ko da babu wanda ya gan shi. Daga Larabci muka aro kalmar, inda tushenta ke nufin abin da ke ɓoye. To, in lamirin nahawu wakilin suna ne, wannan na zuciya wakilin wane ne?

Sigmund Freud (1856-1939), likitan birnin Biyena, ya ba da amsa mai ɗaci. Cikin littafinsa na 1923, wanda aka fassara da Faransanci Le Moi et le Ça, ya kasa ran ɗan Adam gida uku, kuma da lamiran Jamusanci ya raɗa musu suna. Na farko «abin nan», wato sha'awa tsagwaronta, wadda ba ta san haƙuri ba. Na biyu «ni», mai sasanta sha'awa da halin duniya. Na uku «saman-ni», wanda Faransawa ke kira surmoi, kuma a nan lamiri yake. A ganinsa, yaro kan haɗiye hanin iyayensa saboda tsoron kada su daina ƙaunarsa, har hanin ya koma alƙali a cikin ƙirjinsa. Ke nan lamiri wakilin uba da uwa ne, da kakannin da suka hore su.

A 1930, cikin Malaise dans la civilisation, ya lura da wani abin mamaki: mutumin kirki ya fi mugu shan azabar lamiri. Mun saba cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Freud ya tarar da marasa kaza ma suna firgita, don alƙalin ciki yana hukunta niyya kamar aiki. Ya kuma nuna cewa zafin wannan alƙali ba lalle ne ya yi daidai da zafin iyaye ba, domin fushin da yaro ya danne shi ne ke juyowa kansa.

Duk da haka, amsar ba ta ƙosar da ni ba. In lamiri amon muryar iyaye ne kurum, ina ɗa ke samun ƙarfin gaya wa mahaifinsa, cikin ladabi, cewa aurar da ƙanwarsa ba da sonta ba zalunci ne? Amo ba ya musu da mai magana.

Melanie Klein (1882-1960), wadda ta yi nazarin ƙananan yara ta hanyar wasanninsu a Landan, ta buɗe wata ƙofa. Ta ce jariri kan gane a hankali cewa uwar da yake fushi da ita, ita ce dai wadda yake ƙauna. Daga nan damuwa ke tsirowa, tare da marmarin gyara abin da ya ɓata. Wannan lamiri wakilin wanda aka cuta ne.

A nan maganar ta shafe mu, malaman makaranta. Na taɓa kama ɗalibi ya yage littafin abokinsa. Da na yi masa bulala, da ya koyi ɓoye laifi a gaba. Sai na ce ya sake kwafe masa darussan da hannunsa. Ya yi kwana uku yana rubutu, kuma a nan ya auna wahalar da ya jawo wa ɗan'uwansa.

Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mu tambayi kanmu wajen da muke tanƙwara shi. Yaron da tsoronmu kaɗai ke riƙe da shi, ranar da muka kau, wa zai tsaya masa a madadinmu?