Yaushe Baƙo Ke Zama Ɗan Gari?

Jama'a, akwai abin da muke mantawa. Da yawa cikin iyayenmu suna fatauci a Mubi tun kafin ta shiga Najeriya. Jamus ta mulke ta, sannan Ingila ta riƙe ta amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 aka zaɓi Najeriya. Wato a takarda, ita ma Najeriyar daga baya ta zo.

Amma yau yaron da aka binne cibiyarsa a nan, in ya nemi takardar shaidar asali don shiga makaranta, sai a ce ya tafi Kano. Can kuwa ba wanda ya san kakansa. Tsarin mulkin 1999 ya hana wariya, shi ne kuma ke ɗauke da maganar ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci.

Sai dai mu yi wa Gude da Fali adalci: tsoron kada gonakin kakanninsu su suɓuce ba ƙarya ba ne. Mu ma a duba mu. Da Busia ya kori 'yan zango daga Gana a 1969, mun koka. Da Najeriya ta kori 'yan Gana a 1983, mu nawa muka ce uffan?