Itace Mai Ƴaƴa: Asalin Kalmar Felicity da Ma'anar Farin Ciki

A harshen Ingilishi akwai wata kalma, felicity, wadda ba a cika jin ta a kasuwa ko a dandalin hira ba. Mazauninta littattafai ne da jawaban manya, ma'anarta kuwa farin ciki mai zurfi wanda ya zauna da gindinsa. Duk malamin da ya taɓa rubuta félicitations a takardar sakamakon ɗalibi ya san ƴar'uwarta, domin tsatsonsu ɗaya.

Ingilishi ya aro kalmar daga tsohon Faransanci a ƙarni na 14, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga felicitas ta Latin, wadda ta fito daga felix. Tun asali felix na nufin mai haihuwa, mai ba da amfani. Romawa na kiran itace mai ƴaƴa arbor felix, wanda ba ya yin ƴaƴa kuwa arbor infelix, kuma a jikinsa tsohuwar dokarsu ta ce a rataye mai babban laifi. Daga baya ma'anar ta koma mai sa'a: sarkin yaƙi Sulla ya laƙaba wa kansa Felix, aka kuma kira Yaman Arabia Felix saboda ni'imarta da cinikin turare.

Ke nan kalma ɗaya ta goya ma'ana uku: yalwa, sa'a, da jin daɗi. Wacce ce ta cancanci a kira ta farin ciki? Idan sa'a ce, to mutum ba shi da abin yi sai jira, tun da an ce sa'a ta fi sammako. Amma abin da sa'a ta kawo da safe tana iya kwashe shi kafin magariba, kuma ba a yaba wa mutum kan abin da bai shuka ba.

Idan kuwa jin daɗi ne, Thomas Hobbes ya nuna inda wannan hanya take ɓullewa. A littafinsa Leviathan na 1651 ya ɗauki felicity a matsayin tafiyar buri daga wannan abu zuwa wancan, ba hutu sai mutuwa. Mai irin wannan ni'ima tamkar mai shan ruwan gishiri ne, yana sha ƙishi na ƙaruwa. A 1789 Jeremy Bentham ya nemi auna daɗi da ma'auni bakwai, ciki har da ƙarfinsa da daɗewarsa da yawan mutanen da ya shafa. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin bakwai ɗin haihuwa ce, wato ko daɗin zai haifar da wani daɗin. Ko mai lissafi bai iya raba farin ciki da ƴaƴansa ba.

Akwai kuma ma'ana ta huɗu, wato dacewar magana. J. L. Austin, a littafinsa da ya fito a 1962, ya yi amfani da kalmar wajen bayanin sharuɗɗan da ke sa furuci ya zama aiki. Alƙawarin da babu niyyar cikawa gurgu ne, kamar yadda kalmomin ɗaurin aure ba su ƙulla kome ba in babu waliyyi da shaidu. A nan ma ana auna magana ne da abin da ta haifar.

Bahaushe ya raba abin da Latin ya haɗa. Yana da farin ciki na zuciya, da sa'a, da sa'ada wadda malamai suka fi ambata game da lahira, sannan da albarka. Albarka ce ta fi kusa da felix ta asali, domin ana ganin ta ne a hatsi kaɗan da ya ciyar da gida duka, da ilimin da ya wuce kan mai shi. Shi ya sa inda Bafaranshe ke cewa félicitations, Bahaushe kan ce barka.

Wannan batu ya shafi malamai kai tsaye. Ɗalibin da aka koya masa cewa ni'ima ita ce tara abin duniya zai girma da ƙishin da Hobbes ya siffanta, wanda aka ce masa sa'a ce kuwa zai naɗe hannu yana jira. Tarihin kalmar ya ba da ma'auni mafi inganci: a dubi wanda ya ci ƴaƴan itacen da wanda ya huta a inuwarsa.